Wasan da Na Kai Bakin Dangar Inna

Ni ɗan fari ne. A ƙauyenmu na ƙasar Tirmini wannan matsayi ne mai girma a wurin kowa, ban da wurin uwar da ta haife ka. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In ta matsu ta ce "wancan", in ranta fari ne ta ce "mutumin birni". Ba ta zama a tabarmar da nake zaune, ba ta haɗa ido da ni, in na yi sallama ƙanwata ce ke amsawa da ƙarfi, ita kuwa ta amsa ƙasa-ƙasa tana gyara itacen murhu. A ɗakin kakata na girma. Haka aka yi wa babana, haka ake yi wa kowane ɗan fari a garin, kuma kunya ake kiran abin, ba ƙiyayya ba.

Hira kuwa muna yi, sai dai ta kan wani take bi. In na zo hutu ta ga na rame, sai ta dubi ƙanwata ta ce, "Wasu mutane sun mai da shayi abinci." Ni kuma in dubi ƙanwar in ce, "A gaya wa masu gida wasu mutane sun ji." Ƙanwata ta sha cewa ta gaji da kai saƙo tsakanin mutum biyu da ke jin juna sarai. Da irin wannan hira Inna ta matsa mini har na yi aure, da ita ta hana ni sayen babur, da ita kuma na sanar da ita na saya.

Aikina koyarwa ne. Mushe ne ni, wato malamin makaranta, a wani kwalej a Damagaram, ina zaune a unguwar Zango, kuma abin da ya fi cin raina in na fito daga aji shi ne wasan kwaikwayo, wanda mutanenmu ke ce wa tiyatir. Muna da ƙungiya 'yar ƙarama: tela guda, 'yan kabu-kabu biyu, wani mai gyaran salula, 'yan mata ɗalibai da suke zuwa suna tafiya, sai wata ungozoma da ke aiki a gidan likita na unguwarmu, babbar mace mai murya, wadda duk wasan da ke da uwa ita ce uwar. A nan ba a haddace wasa. Marubuci ƙashi yake kawowa, ya ce kai ne uba, ke ce maƙwabciya, ga inda za a fara ga inda za a tsaya, 'yan wasa su sa naman da bakinsu. Saboda haka in na kira kaina marubuci, tela yakan ce, "Mushe, me ka rubuta? Ni dai abin da na faɗa jiya daga cikina ya fito." Ba ƙarya yake yi ba, shi ya sa abin ke ba ni haushi.

Wuri ɗaya ne kawai, a wasa ɗaya, na kafe na ce ba mai ƙara ko tari. Wasan labarin wani saurayi ne da ya tafi Libiya neman arziki, labarinsa ya yanke, aka jira har aka gaji, aka yi masa sadaka. Sai ga shi wata rana da rana tsaka ya yi sallama. Gida ya kaure da murna, ƙanne suna rungumarsa, maƙwabta suna ta shigowa. Uwarsa tana daka a tsakar gida, ta ba shi baya. Shi ne ɗanta na fari. Ba ta juyo ba. Ta ce wa 'yarta, "A ba baƙo ruwa." Ta ci gaba da dakanta. Aka miƙa masa ƙwarya, ya riƙe yana duban bayanta, a nan wasan ya ƙare. Wannan wurin kalma-kalma na rubuta shi, har da inda taɓarya za ta sauka. Da muka yi shi a dandalin gidan matasa, mata suka yi ta share hawaye da bakin mayafi. Na koma gida cike da farin ciki, ina jin na yi wa Inna abin da ba zan iya yi mata da baki ba. A wurina yabo ne tsantsa: ga mace zuciyarta na tsalle, ta danne ta saboda mutunci.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, wato Inna gwaggonsa ce. Tare muka yi lise, wato babbar sakandare, a tabarma ɗaya muke kwana a gidan wani ɗan'uwa a unguwar Birni, kuma tun lokacin bai taɓa ganina ya wuce bai tsokane ni ba. Ni na tsaya a alli, shi ya wuce ƙasar waje ya dawo da tabarau ana ce masa dakta, yana koyar da adabi a jami'a. Ba jahili ba ne, ba kuma mugu ba ne. Da ɗaya daga ciki ne, da abin ya zo mini da sauƙi. Ya zo kallon wasan, ya zauna a gaba ya harɗe ƙafa, da aka tashi ya ce, "Bawana, ashe kana da kai." Na ce masa tabarau ne suka hana shi gani tuntuni.

Wata safiyar Lahadi ina shagon tela, rediyo a kunne, sai na ji muryarsa a shirin al'adu na wani gidan rediyo mai zaman kansa. Da Hausa yake magana, Hausa mai daɗi kuwa, wadda tsohuwar ƙauye za ta gane ba sai an fassara mata ba. Ya ce akwai wani ra'i na masana adabi, wato hanyar da suke bi su karanta rubutu, da ke cewa wasa kamar mafarki yake: abin da mutum ya haɗiye da rana shi ke fitowa in ya kwanta. Ya ce a duba, duk tsawon wasan nan an sakar wa kowa baki, sai a wuri ɗaya marubucin ya ɗaure bakin kowa. Me ya sa? A duba, an ba yaron ruwa bai sha ba. A duba, ƙarar taɓarya ta danne sallamarsa. Sannan ya ce, "Marubucin nan kuwa na san shi, ɗan fari ne. Wannan ba yabon kunya ba ne. Ƙara ce ɗa ya kai uwarsa gaban jama'a, shi kansa bai san ya kai ba."

Mai gabatar da shirin ya ce, "Dakta, ka tambayi marubucin?"

Ya yi dariyar nan tasa ya ce, "Marubuci shi ne na ƙarshen da ake tambaya. In ya saki wasa, ya fita hannunsa."

Tela ya tsayar da keken ɗinki yana kallona. Ni dariya na yi, har ina tsara abin da zan rama da shi in mun haɗu. Ban tuna ba ko kaɗan cewa a ƙauyenmu rediyo a rataye yake a jikin danga tun safe, mata suna aiki suna ji. Shi ma bai tuna ba. Ya saba faɗar irin wannan magana da Faransanci a cikin aji, inda ba ta wuce bakin ƙofa.

Ba a daɗe ba ƙanwata ta kira ni. Ta ce Inna ta ji, maƙwabta sun ji, kuma ba wanda ya riƙe zancen ra'i ko mafarki. Abin da ya zauna a ƙauye shi ne mutumin birni ya haɗa wasa ya tona wa uwarsa asiri, ya ce ba ta ƙaunarsa, ɗan ɗan'uwanta ma ya shaida a rediyo. A bakin rijiya wata ta ce mata, "Ashe ƙararki aka kai Damagaram." An yi suna a maƙwabta ba ta je ba. An yi biki a Takieta na dangin babanmu, ta ce ƙafa ke damunta. Ƙanwata ta ce, "Yaya, ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi, da na fi samun kwanciyar hankali."

Na tarar da taubashin nawa a fadarsu ta shan shayi a Birni, na ja shi gefe raina a ɓace.

"Ka san abin da ka yi wa gwaggonka?"

Da na gaya masa, fuskarsa ta canja. Ya yi nadama ta gaske, ba zan hana masa wannan ba. Ya ce bai kamata ya faɗa a rediyo cewa ni ɗan fari ne ba, wannan kuskurensa ne. Na ce to ya koma rediyon ya ce duk abin da ya faɗa ba haka ba ne.

"Wannan kam ba zan iya ba," in ji shi. "Zan ba Gwaggo haƙuri har ƙasa. Amma abin da na gani a wasan yana nan. Ba ni na hana yaron shan ruwa ba."

"Ni na rubuta, ni na san abin da nake nufi."

"Ka san abin da ka yi niyya. Teyori ba ruwanta da niyya." Haka suke kiran ra'in nasu in sun bar gaban makirfo. "Abin da ke kan dandali take dubawa. Wasan ba naka ba ne kuma, na masu kallo ne."

"Wasan na masu kallo ne, na ji. Uwar dai tawa ce."

Ya ce to in zo shirin in mai da martani, zai ba ni fili yadda nake so. Na tsaya na auna. Ɗan fari ya shiga rediyo ya shelanta wa Damagaram cewa yana son uwarsa, ita ma tana sonsa? Wannan ya fi na farkon muni. Da na yi, da Inna ta daina leƙa ko ƙofar gida. Na ce masa ya riƙe filinsa.

Na tafi gida da kaina. Na yi sallama, Inna ta amsa yadda ta saba. Aka kawo mini fura, aka yi tuwo da miyar kuka mai daddawa yadda nake so. Wanda bai san gidan ba zai ce ba abin da ya canja. Amma na wuni, na kwana, na sake wuni, ba a ce komai a kan "wasu mutane" ba. Sai na yi tsokanar da kaina, na ce wa ƙanwata da ƙarfi, "Wasu mutane fa sun koma wa shayi." Inna ta ɗauki tsintsiya ta shiga ɗaki. Da can shirunta cike yake da magana, wannan kuwa shiru ne kawai, kuma na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba. Tsohuwa ce, hawan jini ya fara taɓa ta. Na ga yadda za ta iya barin duniya tana ganin ɗanta na fari ya kai ƙararta, ni kuma ba ni da bakin ce mata ba haka ba ne. In na durƙusa na faɗa mata kai tsaye, tashi za ta yi ta bar wurin kafin in kai ƙarshen magana.

A motar dawowa na sha alwashin ba zan bar abin a haka ba. Na wuce gidan taubashina na kwaso littattafan da yake taƙama da su, na ce da makaminsa zan yaƙe shi. Na yi ta karatu tsakanin aji da aji, ina cije baki. Masu littattafan nan sun iya ɗana tarko. In marubuci ya yarda, sun yi daidai. In ya musa, musun nasa shi ne shaida. Sau da yawa na rufe littafi na ce aikin banza ne, sau da yawa kuma na sake buɗewa, don maganar gaskiya akwai wuraren da suka sa na dubi wasannin wasu da sabon ido. Nawa ne dai na ƙi yarda su taɓa. Can na iske wani ra'in dabam, wanda ke cewa ma'anar wasa ba ta gama haɗuwa sai mai kallo ya zauna ya kalla, domin shi ke zuwa da rabin abin daga gidansu. Na ajiye littafin. Taubashina ya ce wasa na masu kallo ne. To ai akwai mai kallo ɗaya da ba a ba ta nata ba. Inna ba ta taɓa ganin wasan nan ba, labarinsa kawai ta ji daga bakin rediyo da bakin rijiya.

Na tara 'yan ƙungiya na ce za mu kai wasan ƙauyenmu in an gama girbi. Tela ya ce lokacin ɗinkin bukukuwa ne. 'Yan kabu-kabu suka ce wa zai tsare musu layi. Na bi su ɗaya-ɗaya, na zauna a bencin tela na ƙi tashi, har ya ce, "Mushe, za ni. Don Allah tashi ka ba masu awo wuri." Iyayen 'yan matan kuwa sai da matata ta je da kanta ta yi alkawarin ita za ta raka su, ita za ta maido su.

Wadda ta fi ba ni wuya ungozoma ce, ba don ta ƙi zuwa ba. A wurin repetisiyo, wato gwajin da muke yi kafin wasa, ta jingine taɓarya ta ce, "Mushe, tunda don tsohuwa za a yi, bari in ɗan juyo. Ko in share ido da gefen zane, yadda za ta ga uwar tana son ɗanta. Ba wanda zai ce an canja."

Sauran suka goyi bayanta. Mai gyaran salula ma cewa ya yi a bar yaron ya sha ruwan ya yi hamdala, shi ke nan an rufe bakin dakta. Shawara ce ta masu ƙaunata, kuma ta yi daidai da yadda muka saba aiki, kowa ya sa nasa. Na ƙi. Na ce in na canja ko da ɗaga gira ne, na yarda ke nan akwai abin da nake ɓoyewa. Abin da mutanen Damagaram suka gani shi za ta gani, in zagi ne ta gan shi da idonta, in yabo ne ta gan shi. Ungozoma ta ce taurin kaina ya fi na jaririn da ya zo ta ƙafa. Na ce na ji, a ɗauki taɓarya.

Saura babbar matsala: Inna ba za ta zo ba. Ko babu wannan rigima, uwa ba ta fita kallon abin da ɗanta na fari ya shirya, ta zauna cikin mutane ana nuna ta da baki. Maigari ya ba mu filin lakwal, wato makarantar boko. Na gode masa, na ce ina roƙon wani wurin, masussukar da ke jikin dangar gidanmu ta gabas. Ya ce ai wurin ƙaiƙayi ne, ga tururuwa. Na ce mun saba. Ya dube ni, sannan ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da sa'a. Shi ma ɗan fari ne. Dangar ta karan dawa ce, ta tsufa, akwai wuraren da awaki suka yi wa taga. Mace tana iya zama a tsakar gidanta tana tsintar wake, ba ta je kallon komai ba, komai kuma bai wuce ta ba. Na ce wa ƙanwata kada a gyara dangar, kada kuma ta ce wa Inna komai.

Sannan na koma wurin taubashina na ce da shi za a tafi. Ya ce me zai je yi, a jefe shi? Na ce ai shi ya ce a tambayi masu kallo, to ga su can suna jira. Ranar tafiya shi ya riga kowa zuwa tasha, da goro da sabulu na gaishe da gwaggonsa.

Bayan la'asar muka fara. Na tsayar da 'yan wasa yadda za su fuskanci danga, na hana kowa zama tsakaninsu da ita, na ce akwai kunamu a wurin. Jama'a suka zauna gefe da gefe suna kallo a karkace, maza a kan tabarmi, mata a tsaye daga baya da goyo. Mutanen ƙauye ba sa kallo da ladabin birni. Suna amsa wa 'yan wasa, suna ba su shawara. Da tela, wanda ya fito a uban saurayin, ya ce zai sayar da gona a je neman yaron, wani tsoho ya ce masa kada ya kuskura. Tela ya samu abin da yake so, ya saki baki ya yi ta zuba, mutane suna ta dariya. Ni ina gefe, idona a kan danga. Ban ga komai ba sai wani ɗan shuɗi a ɗaya daga cikin tagogin awakin, wanda zai iya zama zanen Inna, zai iya zama bokiti.

Aka zo wurin. Saurayi ya yi sallama, gida ya kaure, ungozoma tana daka. "A ba baƙo ruwa." Ta cika alkawari, ko gira ba ta ɗaga ba. Aka miƙa masa ƙwarya, ya riƙe yana duban bayanta. A Damagaram a nan ake kuka. A ƙauyenmu ba wanda ya yi kuka. Mata suka gyaɗa kai, wani dattijo kusa da ni ya ce, "Haka ake yi. 'Yar mutunci ce." Aka watse ana maimaita barkwancin tela. Na nemi idon taubashina cikin mutane na ɗaga masa gira, ya ɗaga kafaɗa.

Muna haɗa kaya ƙanwata ta fito ta ce Inna na kiran mai daka da ɗan ɗan'uwanta. Ni ba a kira ni ba, ban kuma sa rai ba. Suka shiga, na samu wani kututture a jikin dangar daga waje na zauna na ba ta baya.

Na ji taubashina ya gaishe ta, murya ƙasa-ƙasa, yana cewa, "Gwaggo, na tuba."

"Kai ne mai bakin rediyo?" in ji Inna. "Tashi. Tun kana ƙarami bakinka ya fi ka girma." Sai ta koma kan ungozoma. "Ke kuma dakanki na 'yan birni ne. In da gero a turmin nan, da kaji sun gode miki."

Ungozoma ta yi dariya ta ce a yi mata afuwa, hannunta ya fi sabawa da jarirai. Ni na daɗe ban ji muryar Inna a sake haka ba, na ji jikina ya fara warwarewa.

"An ce mini zagi ne," in ji Inna. "Na duba tun daga farko har ƙarshe, ban ga zagi ba."

Saura kaɗan in yi tari don taubashina ya san na ji. Duk wahalar da na sha, duk bin shaguna da cije baki a kan littattafai, don wannan maganar na yi su, ga ta kuwa ta fito daga bakin mai ita. Har na fara gyara zama zan miƙe.

"Amma mai bakin rediyon nan bai yi ƙarya ba," ta ce.

Na koma na zauna.

"Ranar da za a kai wancan lakwal Damagaram, kakarsa ta ɗaure masa kaya, mota tana jira a bakin hanya. Ya zo ya tsaya a bayana ina daka. Na san yana nan, inuwarsa ta faɗo har kan turmina. Surukata tana zaune, matan gida suna kallo. Na ja turmin gefe don kada taɓarya ta sauka a kan inuwar, na ci gaba da dakana. Ya daɗe a tsaye kafin a ja hannunsa."

Na rantse ban san ina tune da ranar nan ba sai da ta faɗa. Tana faɗa kuwa na gan ta gaba ɗaya: ƙullin kaya yana danne mini wuya, bayan Inna yana sama yana ƙasa, ni ina jira, ban ma san me nake jira ba. Na ji zafin abin sabo fil, ni da furfura a gemu, na sunkuyar da kai don kada masu haɗa kaya su ga idona. Daga cikin gida ban ji ko numfashin taubashina ba, shi da bai taɓa cin gardama ya yi shiru ba.

"Ba maganar mata a rijiya ce ta zaunar da ni ba," in ji Inna. "Mata sun saba magana. Ni na ɗauka yaro mantuwa yake yi. Da wannan na yi ta ba kaina haƙuri. Ashe ya riƙe, ya girma da shi, ya haifi nasa yana riƙe."

Can ungozoma ta yi magana, muryar nan tata mai cika dandali ta zama 'yar ƙarama.

"Inna, in kira shi?"

"Bar shi inda yake," Inna ta ce. "Yana ji."